Akwatin kifin ado mai lita 54: kayan sun yi kyau, takardar bayanin ce da gyara

Wanda yake son fara ajiye kifin ado a gida galibi yakan fara ne da irin akwatin gilashin nan da ake haɗawa da kayan aikinsa a kwali ɗaya, kuma irinsa ne na yi amfani da shi har na ga ya dace in faɗi abin da na lura. Tsawonsa santimita 60 ne, faɗi da tsayi santimita 30 kowanne, wato yana cin lita 54 na ruwa. A cikin kwalin akwai murfi mai fitilar LED, da na'urar tace ruwa, da hitar ɗumama ruwa mai wat 50, da ma'aunin zafi na mannawa a jikin gilashi, da 'yar raga ta kama kifi, da ƙaramar kwalbar maganin kashe kulorin, sinadarin da ake sa wa ruwan famfo. Tsakuwa da tsirrai da kifi kuwa sai mutum ya nema daban.

Girman shi ne abu na farko da ya cancanci yabo, domin sabon shiga yakan ɗauka cewa ƙaramin akwati ya fi sauƙin kulawa, alhali ruwa kaɗan ya fi saurin gurɓacewa da saurin sauya zafi. Lita 54 na ba mutum sarari ya gyara kuskure kafin ya zama asara. Sai dai a tuna cewa kowace lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka idan aka haɗa da tsakuwa da gilashin kansa nauyin yakan kusanci kilo 70, kuma teburin da za a ɗora shi dole ne ya zama mai ƙwari, shimfiɗaɗɗe, nesa da tagar da rana ke dukanta. Gilashin bai yi yoyo ba, hitar ta riƙe ruwan tsakanin digiri 24 da 26 ba tare da tangarɗa ba, fitilar kuma ta wadatar da tsirrai marasa buƙatar haske mai yawa irin su Anubias da Java fern, muddin ba a binne kaurin saiwarsu cikin tsakuwa ba, domin ruɓewa take yi. Awa shida zuwa takwas na haske sun isa a rana, abin da ya wuce haka gansakuka kawai yake ciyarwa.

Inda na sami saɓani da masu wannan kaya shi ne takardar bayanin, wadda ta nuna cewa da zarar an zuba ruwa an bar na'ura ta yi aiki na kwana ɗaya ko biyu, za a iya sakin kifi. Ruwan zai yi garau a ido, amma bai shirya ba. Kifi yana fitar da amoniya ta wurin numfashinsa da kashinsa, ragowar abinci ma idan ya ruɓe ita yake haifarwa, kuma guba ce ko da kaɗan ce. Abin da ke kawar da ita wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani: irin Nitrosomonas suna mayar da amoniya naitrayit, wanda shi ma guba ne domin yana hana jinin kifi ɗaukar iskar oksijin, sannan irin Nitrospira su mayar da naitrayit naitret, wanda illarsa ba ta kai ta biyun farko ba, kuma ana rage shi da sauya ruwa. Waɗannan ƙwayoyi ba sa zuwa cikin kwali, yaɗuwa suke yi a hankali a jikin soson matatar ruwan da tsakuwa, abin da yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Hanyar da ta fi aminci ita ce a riƙa jefa ɗan abincin kifi cikin akwatin tun babu kifi a ciki, ana auna ruwan, har sai amoniya da naitrayit sun koma sifili naitret kuma ya bayyana. Wanda ya bi takardar ya zuba kifi goma a rana ta biyu, yakan wayi gari bayan mako guda ya tarar da su sun taru a saman ruwa suna haki, sun ƙi abinci, ya kuma ɗora laifin a kan wanda ya sayar masa da su.

Daga nan ne giɓi na biyu ya fito, domin babu kayan auna ruwa a cikin kwalin, alhali idan babu su mutum lalube yake yi cikin duhu. Na fi amincewa da masu ɗigo-ɗigo, waɗanda ake ɗiga wa cikin 'yar kwalbar gwaji a kwatanta launin da katin da ke tare da su, fiye da masu siffar tsinken takarda, waɗanda launinsu ke da wuyar tantancewa. Haka nan babu tiyon zuƙe datti daga cikin tsakuwa, kuma shi ne ake buƙata duk mako wajen sauya kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan.

Na'urar tace ruwan kanta tana aiki shiru, ƙarfinta ya dace da girman akwatin, amma an tsara ta da wani ƙunshi na auduga da gawayi da takardar ta ce a jefar a sa sabo duk wata. Wannan shawara ta fi amfanar mai sayar da ƙunshin, tunda a cikinsa ne ƙwayoyin bakteriyar nan suka fi zama, kuma jefar da shi gaba ɗaya mayar da hannun agogo baya ne. Na maye gurbinsa da soso mai manyan ƙofofi, wanda ake matsewa a hankali cikin bokitin ruwan da aka ɗebo daga akwatin, ba a ƙarƙashin famfo ba, saboda kulorin ɗin ruwan famfo yana kashe su.

Hoton da ke jikin kwalin ma yana iya yaudarar mai saye, domin an cika akwatin da kifin zinare, alhali wannan kifi yakan kai santimita 20 ko fiye, yana yawan ƙazanta ruwa, kuma ya fi son ruwa mai sanyi. Abin da lita 54 za ta ɗauka cikin kwanciyar hankali shi ne garke ɗaya na ƙananan kifi, misali neon tetra shida zuwa takwas, waɗanda asalinsu daga kogunan Kudancin Amurka ne kuma ba sa sakewa sai cikin 'yan uwansu, ko kuwa 'yan guppy kaɗan, a kuma shigo da su kashi-kashi. Idan aka haɗa guppy maza da mata a san cewa haihuwa suke yi ba ƙwai ba, kuma cikin 'yan watanni za su cika wurin.

Zan ba sabon shiga shawarar ya sayi wannan akwati, da sharaɗin ya haɗa da kayan auna ruwa da tiyo da soso da babbar kwalbar maganin kulorin tun a ranar farko, ya kuma jinkirta sayen kifin har sai gwaji ya nuna ruwan ya shirya.