Zanzibar: ejan ɗin da ya sayar mana da teku a hoto

Masu kirana kuna neman lambar mutumin da ya shirya mana tafiyar Zanzibar, ku yi haƙuri, ba zan bayar ba. Sunansa ma ba zan kama a nan ba, don 'yan kasuwar Gumel da Maigatari da dama ta hannunsa suke zuwa Umara, kuma a wannan fannin ban taɓa jin an kuka da shi ba. Amma Umara daban, yawon buɗe ido daban. Bawan Allahn nan a waya kawai ya san Zanzibar, kuma bai ji nauyin karɓar kuɗinmu ba.

Kun san abin da irin wannan tafiya take ci yanzu da dala ta koma yadda ta koma, ba sai na faɗa ba. Riɗi ya yi albarka bara, ni kuma na daɗe da yi wa Hajiya alkawarin zan kai ta ta ga teku, don duk ruwan da ta sani bai wuce kogin Haɗeja ba. Ejan ya ce komai yana ciki: biza, jirgi daga Kano ta Addis Ababa, mota, otal a bakin ruwa, abinci, zaga gari. Biza ta fito, jirgi lafiya lau. Muna sauka aka tare mu da maganar inshora. Ashe tun Oktoban 2024 duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya sayi tasu, dala 44 kowane mutum. Dala 88 na zaro daga kuɗin tsaraba. Da na kira shi sai ya ce, "Wallahi Alhaji sabon abu ne." Sabon abu!

Wannan ma da na bar shi. Abin da ya ƙona mini rai shi ne teku.

Hoton da ya nuna mana a ofishinsa ruwa ne shuɗi har gindin matakalar ɗaki. Da dare muka isa Jambiani, can gabashin tsibirin, tafiyar sama da awa ɗaya daga filin jirgi, muka kwana muna jin igiyar ruwa tana dukan gaɓa. Da hantsi, bayan mun karya, Hajiya ta ɗaura mayafi muka fito. Babu teku. Farin yashi ne shimfiɗe, da ƙananan kududdufai, da turaku a jere, ruwan kuma ya yi nisa har sai ka kanne ido za ka hango farin kumfarsa. Ta dube ni ta ce, "Alhaji, wannan ne tekun naka?" Yaron otal ya yi dariya, wai ruwan zai dawo da la'asar, haka gabar gabas take. Ya ce wanda yake son ya shiga ruwa duk lokacin da ya ga dama, arewa ake kai shi, Nungwi ko Kendwa. Duk wanda ya taɓa kwana ɗaya a tsibirin ya san wannan. Mutuminmu bai sani ba, ko kuma ya sani otal ɗin nan ya fi masa araha.

Hajiya ta ce tunda ruwa ya ƙi zuwa, ita za ta je ta same shi. Muka kama tafiya a cikin yashin, ita da silifas, ruwa iya idon sawu, ɗumi-ɗumi. Babu wanda ya ce mana uffan game da bushiyar teku, wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi da take laɓewa a cikin ramukan dutse. Silifas ɗinta ya zame, ta ɗora dunduniya a kan ɗaya. Ihun da ta yi, tun da na aure ta ban taɓa jin irinsa ba. Na duba ƙafar, ɗigo-ɗigon baƙi cike da dunduniya, ƙayoyin sun kakkarye a ciki, ka taɓa da farce su ƙara marmashewa. Ga otal ya yi nisa a bayanmu, ga ni ba na jin Suwahili.

Matan da suke aiki a wajen turakun nan ne suka iso mu. Wata dattijuwa, zaninta jiƙe har ƙugu, ta yi sallama, ta kife bokitinta ta zaunar da Hajiya, ni kuwa ta yi mini alama da hannu in matsa gefe. Ta aiki wata yarinya da gudu. Ba a jima ba sai ga ta da ɗanyar gwanda da lemon tsami. Dattijuwar ta tsattsaga bawon gwandar da wuƙa, farin ruwan nan ya tsattsafo, ta dinga ɗiga shi a kan kowace ƙaya, ta bi da lemon, tana yi tana wa Hajiya magana a hankali. Hajiya ba ta jin ko kalma ɗaya, amma sai amsawa take, "To, Baba. To." Su biyu suka tallafe ta har cikin gari. Ni ina biye da silifas a hannu.

Otal ɗin, da na leƙa neman magani, akwatin agajinsu filasta ce kawai a ciki da almakashi. Sai a lokacin manajan yake gaya mini suna ba da hayar takalmin shiga ruwa. Sai a lokacin!

Garin yana bayan otal-otal ɗin ne, taku kaɗan, amma kamar ba ƙasa ɗaya ba. A gaba Turawa kwance a rana kusan tsirara, 'yan ƙabilar Masai da jajayen mayafansu suna tallar duwatsun wuya. A baya kuwa gidajen dutse da farar ƙasa, wasu da rufin ganyen kwakwa, yara mata da hijabi suna dawowa daga islamiyya. Aka shige da Hajiya ciki, ni aka zaunar da ni a dakali tare da maigidan, tsohon masunci. Ya zuba mini gahawa a ɗan ƙaramin kofi, da alewar kwakwa. Da ɗan Larabcin zaure da nake da shi, da jikansa mai jin Turanci, muka yi hira har azahar.

A wurinsa na fahimci abin da ejan ya kasa gaya mini. Ruwan sau biyu yake cika ya janye a kwana guda, kullum kuma yana ƙara jinkiri da kusan awa ɗaya, don wata yake bi. Janyewar ta fi tsanani a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, mu kuwa a daidai tsakiyar wata muka zo. Shi da lissafin watan Musulunci yake sanin ranar fita kamun kifi. Matan ma a irin waɗannan ranaku suke samun shiga gonakinsu, don turakun nan gona ce. Ciyawar teku suke ɗaurawa a igiya tsakanin turke da turke, ta yi kamar mako shida, su tsinke, su shanya, 'yan kamfani su saya su fitar waje, a can a tace ta a zuba a man goge baki da askirim. Na tambayi farashin kilo, yaron ya faɗa, na sa ya maimaita. Ni ɗan kasuwar riɗi ne, na san yadda manomi yake komawa idan mai saye ɗaya ne kuma shi yake yanka farashi. Mace ta wuni a tsugune cikin ruwan gishiri, rana na dukanta, a kan wannan! Tsohon ya ce ga shi ruwan yana ƙara zafi, ciyawar tana ruɓewa a igiya.

Suka ciyar da mu shinkafa dafaffiya da madarar kwakwa, da kifi, da wani abin ruwa mai hannuwa takwas wanda na ci don kunya, daga baya na nemi ƙari. Na miƙa kuɗi, dattijuwar ta ɓata rai sosai. Washegari Hajiya ta kai mata kwalbar humra da turaren wuta, ita kuma ta ba ta zani biyu irin nasu mai rubutu a gefe. Ƙafar ta yi kwanaki tana ɗingishi, ƙayoyin suka narke da kansu.

Daga ranar masallacinsu na koma yin asuba. Shafi'awa ne: liman yana bayyana bisimilla, alƙunut kuma bayan ruku'u ake yi, a ɗaga hannu, mamu suna amin da ƙarfi. Babu wanda ya kalle ni don na saki hannu. La'asar kuwa, gaskiyar yaron otal, ruwan yana dawowa da sauri har gindin matakala, shuɗi fes, yadda yake a hoton. Hajiya ta zauna ta zuba ƙafa a ciki ta ƙi tashi har magariba. A wannan yammacin na ce a raina na yafe wa ejan, tunda dai sanadinsa muka haɗu da mutanen kirki.

To amma da na tuna ranar zaga gari sai ran ya sake ɓaci. A takardar da ya ba mu an rubuta za mu shiga Beit al-Ajaib, gidan da Sarki Barghash ya gina a 1883. Muna zuwa muka tarar da shi a killace. Wani ɓangarensa ya rufta tun Disambar 2020. Wato tsohuwar takardar wani ya kwafo ya manna sunan kamfaninsa a sama. Ɗan rakiyar da aka haɗa mu da shi kuma duk hankalinsa yana kan shagunan da ake ba shi la'ada. Wurin tsohuwar kasuwar bayi, wadda aka rufe a 1873 aka gina coci a kanta, sai da na yi da gaske ya kai mu, ga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da mutum ba ya iya miƙewa a ciki, amma minti kaɗan ya fara duba agogo. Kanumfari da kirfa ni na je kasuwar Darajani da ƙafata na saya, a rabin abin da shagon abokinsa ya faɗa. Tsibirin Changuu mai manyan kunkuru, wanda na biya kuɗin kwale-kwalensa tun a Kano, ba mu taka shi ba, wai ba a turo musu kuɗin ba.

Zanzibar ɗin ku je, in Allah ya hore, musamman mai tafiya da iyali: abinci halal ne, kiran sallah ko'ina, matarka da hijabinta babu mai kallonta. Amma ku tambayi a wane ɓangaren tsibirin otal ɗin yake, ku duba kwanan wata, ku sayi takalmin roba mai rufi. Kuɗin kwale-kwale da na inshora har yau ina bin ejan, kullum "Alhaji a ƙara haƙuri, ranar Litinin." Jiya kuma ɗana ya nuno mini sitatus ɗin ejan na WhatsApp: hoton da na tura masa na Hajiya daga baya, tana zaune a bakin ruwa, ya rubuta a ƙasa wai kwastomominsu suna shaƙatawa. Na ce ya cire kafin in shigo Kano ranar Asabar.