Gidan Tarihin Olimpiya: Inda Ake Ganin Hirakilis Yana Aiki

Wanda yake son ganin yadda Girkawan dā suka ɗauki jarumta, babu wurin da ya kamata ya fara da shi irin gidan tarihin Olimpiya, a yammacin yankin Feloponis na ƙasar Girka. A nan aka adana allunan marmara 12 da aka sassaƙa ayyukan Hirakilis a kansu, jarumin nan mai kashe dodanni da Rumawa suke kira Hakulis. Allunan daga haikalin Zus, babban gunkin Girkawa, suka fito, wanda aka gina tsakanin shekarar 470 da 456 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Kowane allo tsayinsa kimanin mita 1.6 ne, shida a saman ƙofar gabas, shida a yamma, kuma masana da dama na ganin nan ne karo na farko da aka jera ayyukan 12 cif a wuri guda.

Tikiti ɗaya ne yake shigar da mutum kangon tsohon wurin bauta da wasanni na Olimpiya da kuma gidan tarihin. Shawararmu a fara da kangon da sassafe, kafin rana ta buɗe. A je a tsaya gaban haikalin Zus, a ga gutsattsarin ginshiƙansa zube a jere tun girgizar ƙasar ƙarni na 6, sannan a dubi ginshiƙi ɗaya da aka sake tsayarwa a 2004. Wannan ginshiƙin shi zai nuna wa mutum irin tsayin da allunan suke a dā, wato daga ƙasa ake ɗaga kai a kalle su. Daga nan a wuce filin tsere mai tsawon mita 192, wanda almara ta ce Hirakilis ne ya auna shi da tafin ƙafarsa sau 600. Sai a shiga gidan tarihin idan zafi ya fara.

Da an shiga babban zauren, abin da zai fara ɗaukar ido shi ne manyan mutum-mutumi na goshin haikalin a dogayen bango biyu, da gunki Afolo tsaye a tsakiyar yaƙi yana miƙa hannu. A nan baƙi da yawa suke yin kuskure: su ƙare lokacinsu a kan waɗannan, su wuce allunan Hirakilis da ke gajerun bangon kamar ba su gan su ba. Alhali allunan su ne suka fi buƙatar natsuwa.

Allon zakin Nimiya shi ne aiki na farko. A kan tukwanen Girkawa an saba zana jarumin yana kokawa da zakin, ya shaƙe masa wuya, tunda fatarsa ba ta jin kibiya ko takobi. Masassaƙan Olimpiya ba su bi wannan hanya ba. Sun nuna shi saurayi, ko gemu bai tsiro ba, zakin ya riga ya mutu, ya ɗora ƙafa a kan gawar ya zabga tagumi don gajiya, ga sauran aiki 11 a gabansa. Allon ya farfashe ƙwarai, amma kan jarumin da na Atina, gunkiyar da ke mara masa baya, sun tsira, kuma sun isa su nuna nufin mai sassaƙar.

Wanda ya fi kowanne tsira, kuma a ganinmu ya fi kowanne kyau, shi ne allon Atlas. An aiki Hirakilis ya kawo tuffa ta zinariya, sai ya karɓi ɗaukar sama daga Atlas, ƙaton da ke ɗauke da ita a almara, domin Atlas ɗin ya je ya tsinko. Ga jarumin a tsakiya, kai a sunkuye, hannuwa biyu a ɗage, ya naɗe matashi ya yi gammo a kafaɗa kamar kowane ɗan dako. Atlas ya dawo ya miƙo tuffar, amma ba hannun karɓa. A bayansa Atina ta sa hannu ɗaya tana tallafa masa, ba tare da alamar wahala ba, shi kuma bai ma gan ta ba. A tsaya a gefe kaɗan a dubi jijiyoyin cikinsa da haƙarƙarinsa, za a ga mai sassaƙar ya san yadda jikin mai ɗaukar kaya yake ɗaurewa. Minti 10 a gaban wannan allo ba asara ba ce.

Akwai kuma allon garken Sarki Augiyas, wanda yake da alaƙa da ƙasar kai tsaye, domin Augiyas sarkin Elis ne, yankin da Olimpiya take ciki, kuma kogin Alfiyos da aka ce jarumin ya karkato ya wanke kashin shanun yana gudana kusa da wurin har yau. A allon, Hirakilis ya sunkuya da ƙarfinsa a kan aikin, Atina tana nuna masa inda zai sa hannu. Mai kashe dodo yana kwasar taki, kuma aka ɗora wannan a haikali mafi girma a yankin, daidai da kisan zaki.

Sauran ba su samu wannan sa'a ba. Allon macijiyar Larna mai kawuna da yawa, wadda idan an sare kai ɗaya biyu su tsiro, gutsattsari ne kawai. Mai karatun da ya san labarin Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu zai so ya daɗe a nan, domin ita ma a bakin ruwa ta tare, amma abin gani kaɗan ne. Na aladen daji ana iya gane Sarki Yuristiyus, wanda ya ɗora masa ayyukan, ya faɗa cikin randa don tsoro. Na bijimin Kirit da na tsuntsayen Istimfalos kuwa, manyan sassansu suna gidan tarihin Louvre a Faris, tun da tawagar Faransawa ta kwashe su a 1829, shekaru 46 kafin Jamusawa su fara haƙa a 1875. An cike gurbinsu da kwafi na farar ƙasa. Bambancin launi da laushin fuska yana nuna wanne ne dutse na asali.

Abu biyu ke sa baƙo ya fita bai gane komai ba. Na farko, makamai da wasu ƙananan sassa an yi su ne da ƙarfe aka maƙala, ga fenti da aka shafa, duk sun tafi, shi ya sa za a ga hannu a dunƙule ba komai a ciki. Na biyu, bayanin da ke jikin bango gajere ne, ba ya ba da labarin. Dole a zo da jerin a ka. Yamma: zaki, macijiya, tsuntsaye, bijimi, barewa, ɗamarar sarauniyar mata mayaƙa da ake kira Amazon. Gabas: alade, goɗiyoyin Diyomidis masu cin mutane, Geriyon mai jiki uku, Atlas, karen lahira Kabaros, garke. Idan za a ɗauki ɗan jagora, a nemi mai lasisin hukuma, a gaya masa tun farko allunan ake so, in ba haka ba zai zarce da mutum wurin mutum-mutumin gunki Hamis, wanda aka tono a 1877, kamar yadda ake yi da kowace tawaga.

Daga birnin Atens tafiyar awa 3 zuwa 4 ce a mota. Mai bin motar haya zai sauka a Pirgos, ya kama wata zuwa Olimpiya, kimanin kilomita 20. Zuwa da komowa a rana ɗaya yana cinye lokacin kallo, gara a kwana a garin. Ranar da manyan jiragen ruwan yawon buɗe ido suka tsaya a tashar Katakolo, zauren yakan cika maƙil da hantsi, sai bayan azahar ya sarara. A watannin Yuli da Agusta zafin yakan haura digiri 35, don haka a riƙe ruwa da hula. Awa 2 a kango, awa 2 a gidan tarihi, rabin na biyun a gaban allunan.