Gargaɗi: mai tallar tocilar "lumen 100,000" ɗan damfara ne, kada ku tura masa ko sisi

Assalamu alaikum 'yan uwa na Gadarif, Kassala, Sinnar, Mai Wurno, Damazin da duk inda wannan rubutu ya kai.

Akwai wani mutum da ke tallar tocila da fitilun aiki a Facebook da zaurukan WhatsApp na Hausawa. Yana cewa shi ɗan uwanmu ne mazaunin Bur Sudan, wai kwantenarsa ce ta sauka daga Dubai, yana so ya karyar da kaya a kan rabin kuɗin kasuwa "saboda halin da al'umma ke ciki". Ba zan kawo sunansa ba, domin sunan da yake amfani da shi ba nasa ba ne. Yau shi ne Alhaji wane, gobe Malam wane, lambar wayar ma ba ta daɗewa. Salonsa ne kawai ba ya canzawa, shi ya sa salon zan bayyana muku.

Sana'ata gyaran tocila, caja da ƙananan kayan sola a kasuwar Gadarif, kuma tun kafin yaƙi ina da sha'awar tara tocila iri-iri ina gwada haskensu da juna. Kayan mutumin nan sun zo teburina daga hannun mutane daban-daban, na kwance su, na auna su. Abin da zan faɗa, abin da na gani ne da idona.

Kowa ya san abin da ya buɗe masa kasuwa. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 wutar lantarki ta zama sai an dace, ballantana bayan da jirage marasa matuƙa suka riƙa kai hari kan madatsar Marawi a 2025, jihohi da dama suka yi kwanaki cikin duhu. Mai gadin gonar riɗi yana son fitila, haka mai haƙar zinare a wajen Abu Hamad, haka mai shayi a bakin titi, haka ungozoma. Ga canjin takardun kuɗi da aka fara a Disamba 2024, wanda ya sa tsabar kuɗi ta yi wuya, kusan kowa ya koma biya ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta Bankin Khartum. Mutum ya saba tura kuɗi ga wanda bai taɓa gani ba. Nan ɓarawon ya samu ƙofa.

Ga yadda yake yi. Zai fara da bidiyo: dare, fili, a kunna tocila, haske ya miƙe har kan wata bishiya can nesa, a ƙasa an rubuta lumen 100,000, batir 9900mAh (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka), awa 12 ba caji. In ka yi magana, ba rubutu zai maido maka ba, murya zai turo, da Hausa tsantsa. "Yayana, barka da dare, ya iyali, ya haƙuri da wannan hali?" In ya ji muryar dattijo ce, sai ya koma "Baba, ai ku ne iyayenmu, wallahi ba zan ci riba a kanku ba." Ya tambaye ka unguwarku, ya ce kawunsa ya taɓa zama a can. Wannan Hausar ita ce jarinsa. Mutanenmu da za su yi taka-tsantsan da baƙon ɗan kasuwa, da sun ji yarensu sai jiki ya saki.

Tocila ɗaya ko biyu in ka saya, zai aiko maka ta motar haya, kuma za ta kama. Ba ta kai abin da ya faɗa ba ko kusa, amma tana haske, kuma a cikin duhun da muke ciki kowane haske abin murna ne. Bayan 'yan kwanaki sai ya kira: "Alhajina, ina neman wakili ɗaya tak a garinku, kai na fara tunawa." Ka ba da kafin alƙalami, rabin kuɗin kwali biyu ko uku, sauran in kaya sun iso. Lambar asusun da zai ba ka kuwa da sunan wani take, wai na ƙanensa ne, wai nasa ya samu matsala. Daga nan hanya biyu ce. Wasu ana aiko musu da kwalayen, saman masu kamawa, ƙasan matattu ko babu batir a ciki sam. Wasu kuwa labari kawai suke samu: mota ta lalace a Haya, an tsare kaya a shingen bincike, a ƙaro kuɗin fito. Wani bawan Allah da ya matsa sai an maido masa kuɗinsa, hoton shaidar turawa aka aiko masa, mai kama da ta Bankak sak, ya je duba asusunsa babu ko ƙwandala. Kafin ya dawo an toshe lambarsa.

To, mu bar bakinsa, mu koma kan kwalin, domin ƙaryar da ke jikin kwalin ta isa ta tona shi tun kafin ka tura kuɗi.

Lumen shi ne ma'aunin yawan hasken da fitila ke fitarwa. Tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 yana ba da kusan lumen 800, haka ƙwan LED mai wat 9 da ke rataye a shaguna. Wato mutumin nan yana cewa tocilar da ke shiga aljihun jallabiya ta fi irin wannan ƙwan guda 120 a haɗe. A aikace, LED na tocila yana ba da wajen lumen 100 zuwa ƙasa da 200 a kan kowane wat. In muka ɗauki 100, lumen 100,000 na bukatar wat 1,000, wutar dutsen guga ke nan. Batirin da ke cikin tocilarsa nau'in 18650 ne guda ɗaya. Wanda ya fi kowane kyau a wannan nau'i, na kamfanoni irin su Panasonic, Samsung da LG, yana ɗaukar wajen 3500mAh, wato abin da zai iya ba da wat 12 da ɗoriya na tsawon awa guda. Raba wannan da wat 1,000: bai kai minti ɗaya ba batir ya ƙare, in ma bai fashe ba tun farko. Shi kuwa ya rubuta awa 12.

Ba wai babu tocila mai lumen 100,000 a duniya ba. Akwai, kamfanin Imalent ya yi wata mai suna MS18. Amma ku ji siffarta: ƙwayoyin LED 18, manyan batura 8 nau'in 21700, fanka a cikinta don sanyaya ta, nauyinta ya kusa kilo 2, kuɗinta ɗaruruwan daloli. Duk da haka ɗan lokaci kaɗan take riƙe wannan haske, sai ta rage da kanta saboda zafi. Ta mutumin nan ƙwayar LED ɗaya ce ƙarama a kan falle ɗaya na gwangwani. A gwajina, mafi haske a cikinsu ba ta kai ƙwan shago mai wat 9 ba.

Batirin ne ya fi ba ni haushi. Lambar 18650 girman batirin take nufi: kauri milimita 18, tsawo milimita 65. Wannan ɗan bututun iya abin da yake ɗauka ke nan, ba a taɓa yin wanda ya kai 9900mAh ba. Wanda ya ce maka ya yi, daidai yake da wanda ya ce ya zuba buhu uku na dawa a cikin buhu ɗaya. Duk batir 18650 da ka ga an rubuta masa 6000, 8800 ko 9900, jabu ne, ba sai ka gwada ba. Na gaske yana da nauyin giram 43 zuwa 50. Na mutumin nan da na ɗora a sikelin masu zinare, akwai waɗanda ba su kai giram 30 ba. Wani kuma ya yi nauyi daidai, har na yi mamaki, da na ɓare shi sai ga ɗan mitsitsin batir a sama, sauran bututun an cika shi da rairayi. Wasu tsofaffin baturan kwamfuta ne da suka gama aiki aka sake musu sabuwar leda. In ka cire ledar za ka ga tabon walda a gindinsu. Saboda haka sikeli yana kama marasa nauyi ne kawai. Masu rairayi sai agogo: cika caji, kunna, ka ga minti nawa za ta yi kafin ta dushe.

Fitilar aikin da yake kira "wat 500 mai sola" ita ma haka. Farantin solar da ke bayanta bai wuce tafin hannu ba, irin wannan ko wat ɗaya ba ya bayarwa a tsakiyar rana, sai ya yi kwanaki kafin ya cika batir na gaske guda ɗaya. A wasu ma da na buɗe, babu waya ko ɗaya da ta haɗa farantin da cikin fitilar. Ado ne kawai aka manna.

Bidiyon nasa fa? Tocilar irin mai zuƙowa ce, wadda ake jan kanta gaba haske ya tattaru wuri guda. In an ja ta ƙarshe, sai ɗan hasken da take da shi ya dunƙule ya zama tabo mai kusurwa huɗu, ya kai nesa, alhali jimillar hasken ma raguwa take yi domin wani ya maƙale a cikin bututun. Kyamarar waya kuma in ta ga duhu tana ƙara haske da kanta. Ka haɗa biyun, ko tocilar yara sai ta yi kwarjini a bidiyo. Nisa daban, yawan haske daban. Mai gadin gona zai so nisa, amma makanike a ƙarƙashin tarakta ko mai ɗinki da dare, haske mai faɗi yake so wanda zai daɗe bai dushe ba.

Kamfanonin kirki irin su Fenix, Nitecore, Olight da Sofirn suna rubuta alkalumansu bisa ƙa'idar auna tocila mai suna ANSI FL1, wadda aka fito da ita a 2009. A ƙa'idar, ana auna lumen ne bayan daƙiƙa 30 da kunnawa, ana kuma lissafa daɗewar batir zuwa lokacin da haske ya ragu ya koma kashi 10 cikin 100 na farkonsa. Za ka ga sun rubuta matakai: mai ƙarfi lumen kaza na awa kaza, matsakaici kaza, ƙarami kaza. Alkalumansu ba su da ban tsoro, 300, 1,000, 2,000. Su ma ana yin jabunsu, kada suna kaɗai ya ruɗe ka. Amma kwalin da ke da lamba ɗaya ƙatuwa mai sifili rututu, babu matakai, babu sunan kamfani ko adireshi, ka ajiye shi. Ni a ganina, ga yawancin ayyukanmu lumen 300 zuwa 500 na gaskiya sun wadatar, kuma sun fi amfani domin batir ya fi daɗewa.

Asarar kuɗi da sauƙi a kan abin da nake tsoro. Batirin litiyam na jabu, da cajar da ba ta yanke wuta in ya kai bolt 4.2, wato iyakar cikarsa, wuta ce ka ajiye a ɗaka. Gidajenmu da yawa a Gadarif ɗakunan ciyawa ne, kuma yanzu ɗaki ɗaya sai ka samu iyali biyu ko uku da suka taso daga Khartum ko Madani suna kwana a ciki. Sau da yawa wuta tsakar dare take dawowa, mutum ya jona caji ya koma barci. Sannan ga wanda zai shiga gona lokacin yankan riɗi ya dogara da awa 12 da aka rubuta masa, ta mutu masa bayan minti 20 a wurin da kunama da maciji ke yawo. Ga mai shiga ramin zinare da ita ɗaure a goshi.

In za ka sayi tocila, daga wurinsa ko daga wurin kowa, ka riƙe ta a hannu kafin kuɗi ya fita. Ka buɗe gindinta ka karanta batirin. Ka shiga ɗaki mai farin rufi, ka tsayar da ita tana kallon sama, ka kwatanta yadda ɗakin ya haskaka da yadda ƙwan wat 9 ke haskaka shi. Ka bar ta a kunne minti biyar a mataki mafi ƙarfi: wadda ke ba da lumen 1,000 na gaske dole kanta ya yi zafi sosai, wadda ta zauna da sanyinta ba ta ba da komai. Mai kayan gaskiya ba ya jin haushin wannan gwaji. Kuma kada ka tura kuɗi a asusun da sunansa ya saɓa da na wanda kake ciniki da shi, ko da ya rantse da Alƙur'ani ƙanensa ne. In sari za ka yi, ka sa wani naka da ke Bur Sudan ya je ya ga shagon da ƙafarsa, ya buɗe kwali har ƙasa. Mutumin nan duk wanda ya ce masa haka, sai ya ce yana sito, ko ya yi tafiya, ko kuma ya yi fushi: "Haba Yaya, ba ka yarda da ɗan uwanka ba?"

Masu kula da zaurukan WhatsApp, don Allah ku daina barin tallarsa, kuma ku daina tura ta gaba da sunan taimako. Mutane da yawa sun yarda da shi ne don daga hannun wanda suke girmamawa tallar ta zo musu.

Wanda kuma ya riga ya faɗa, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ka adana muryoyin da ya turo, lambobin wayarsa, lambar asusun da ka tura wa, da lambar shaidar turawar da ke cikin Bankak ɗinka. Ka kai wa 'yan sanda ko ofishin masu gabatar da ƙara. Zamba laifi ce a ƙarƙashin sashe na 178 na dokar laifuka ta 1991, kuma ta lambar asusun ne ake iya bin sawu. Ku haɗu ku shigar da ƙara tare, ya fi ƙarfi. Tocilar da ke hannunka kuwa jikinta na iya amfani in ka sa mata batir na gaske. Tsohon batirin ka cire shi yau, kada ka caja shi, kada ka jefa shi a murhu ko a bola inda yara ke tsince-tsince. Ka naɗe bakinsa biyu da salatif, ka sa shi a gwangwani mai yashi nesa da ɗakin kwana, ka kai wa mai gyara mafi kusa da kai.