Na'urar tace ruwa ta RO mai matakai biyar: tana cire ragowar magani kuwa?

Maganin da mutum ya sha ba duka jiki ke narkarwa ba. Wani yakan fita a fitsari, ya bi masai da kwata har ya isa rafi ko rijiya. Binciken da Jami'ar York ta Ingila ta jagoranta a 2022 ya duba koguna 258 a ƙasashe 104, kuma carbamazepine na farfaɗiya da metformin na ciwon suga suna cikin waɗanda aka fi cin karo da su. Tafasa ruwa ba ya kawar da carbamazepine, alif ma laka kawai yake kwantarwa.

A nan ne wannan na'ura da ake ɗaurawa ƙarƙashin wurin wanke-wanke take da amfani. Matakin farko auduga ce mai tare yashi da tsatsa. Biyu na gaba gawayi ne, na huɗu tantanin RO (reverse osmosis, wato tantani mai ƙananan ƙofofi ƙwarai da ake tura ruwa ta cikinsa da matsi), na ƙarshe gawayin gyara ɗanɗano. Gawayi yana kama carbamazepine sosai, amma metformin yakan kuɓuce masa domin ya fi son zama cikin ruwa. Tantanin ne ke tare mafi yawansa. Saboda haka tulun tacewa mai gawayi zalla bai kai ta ba.

Inda masu saye suka fi faɗawa shi ne ƙarfin ruwa. Tantanin yana son matsin da ya kai bar 3 (bar ma'aunin matsin ruwa ne), alhali tankin da ke kan ƙarfe mai tsayin mita 5 rabin bar kaɗai yake bayarwa. Sai ruwa ya riƙa ɗiga, tacewar ta yi rauni. A sayi mai ɗan injin tura ruwa, a kuma tuna cewa idan aka ɗauke wuta shi ma ya tsaya.

Tana da ɓarna: kowace lita ɗaya mai kyau, lita 3 zuwa 4 ke tafiya. A tara shi don wanki ko banɗaki.

A sauya auduga da gawayi duk wata shida, ko kafin nan idan burtsatse na kawo laka. Gawayin da ya gaji yakan bar kulorin, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta da ake sa wa ruwan famfo, ya wuce ya cinye tantanin, wanda da kulawa zai kai shekara biyu zuwa uku. Ɗan ma'aunin TDS da masu ɗaurawa ke nunawa ba ya ganin magani ko kaɗan, gishirin ruwa yake aunawa. Amfaninsa ɗaya: idan ruwa ya shiga da 300 ya fito sama da 30, tantanin ya fara lalacewa.

A duba kwali: lambar NSF/ANSI 58 shaidar ingancin RO ce daga hukumomin tantance kaya na Amurka, NSF/ANSI 401 kuwa ita ta haɗa da gwajin magunguna irin su ibuprofen da carbamazepine.

Gidan da rijiyarsa ke kusa da masai ko magudanar asibiti, kuɗinsa ba zai tafi a banza ba. Sai dai a fara kai ruwan gwajin ƙwayoyin cuta, domin haɗarinsu ya fi na ragowar magani gaggawa.