Project Gutenberg: Taskar Littattafan Kasada Ga Matasa, Amma Sai An Tace

Duk uba ko malamin da ke neman littattafan kasada, balaguro da warware sarƙaƙiya domin yaron da ya fara jin daɗin karatu, ya kamata ya san da zaman Project Gutenberg. Ɗakin karatu ne na intanet wanda Michael Hart ya kafa a Amurka a shekarar 1971, kuma a yau yana ɗauke da littattafai fiye da 70,000 waɗanda ake saukewa kyauta, ba tare da rajista ba. 'Yan sa-kai ne suke kwafe tsofaffin littattafai suna tace kurakuransu shafi bayan shafi, sannan a ajiye su a tsarin da za a iya karantawa a waya, a kwamfuta ko a na'urar karanta littattafai ta Kindle. Da zarar littafi ya sauka, ba a sake buƙatar intanet, kuma babu tallace-tallacen da za su ɗauke wa yaro hankali a tsakiyar labari.

Dalilin wannan kyauta shi ne kuma tushen matsalarta. Galibin abin da ake ajiyewa a nan littattafai ne da wa'adin haƙƙin mallakarsu ya ƙare a dokar Amurka, inda littafi kan yi shekara 95 da bugawa kafin ya zama na kowa. Saboda haka wanda ya shiga neman sababbin marubuta zai fita hannu rabbana. Abin da zai tarar shi ne ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, lokacin da aka rubuta da yawa daga cikin fitattun labaran kasada. Akwai Treasure Island na Robert Louis Stevenson, wanda ya fito a 1883, inda yaro ya ɓuya a cikin gangar tuffa ya ji ma'aikatan jirgi suna ƙulla makircin tawaye saboda dukiyar da aka binne a tsibiri. Akwai kuma gajerun labaran mai binciken laifuka Sherlock Holmes, waɗanda suka fi dacewa da matashin da bai saba zama da dogon littafi ba, domin yana iya gama ɗaya a zama guda.

A ganina, inda wannan ma'ajiya ta fi daraja shi ne labaran gaskiya da masu balaguron suka rubuta da hannunsu. Littafin South na Ernest Shackleton, na 1919, ya isa misali. Jirginsa mai suna Endurance ya maƙale a cikin ƙanƙarar tekun Weddell, a ƙuryar kudancin duniya, a Janairun 1915, ƙanƙarar ta yi ta matse shi har ya nutse a watan Nuwamba, aka bar mutum 28 a kan ƙanƙara mai yawo bisa ruwa. Bayan sun samu sun kai tsibirin Elephant, Shackleton ya ɗauki mutum biyar suka shiga ƙaramin kwale-kwale, suka ratsa kimanin kilomita 1,300 na teku mai haɗari zuwa tsibirin South Georgia a 1916 domin nemo agaji, kuma a ƙarshe babu ko mutum ɗaya da ya rasa ransa daga cikin su 28 ɗin. Matashin da ya karanta yadda ake raba ɗan abincin da ya rage, da yadda shugaba yake lura da wanda gwiwarsa ta fara sanyi, ya koyi abin da taƙaitaccen tarihi mai shafi goma ba zai ba shi ba. Idan aka ƙara masa da cewa an gano jirgin a ƙarƙashin teku a watan Maris na 2022, a zurfin kusan mita 3,000, sai labarin ya zama kamar jiya aka yi shi.

Haka nan akwai littafin Matthew Henson na 1912. Baƙar fata ne Ba'amurke, wanda ya koyi harshen mutanen Inuit, mazauna yankin ƙanƙara na arewacin duniya, ya ƙware wajen tuƙa keken ƙanƙara da karnuka ke ja, ya kuma raka ɗan balaguro Robert Peary a tafiyar 1909 zuwa ƙuryar arewacin duniya tare da 'yan Inuit huɗu. Har yanzu masana suna muhawara a kan ko sun taka ainihin wurin, amma shekarun da aka yi ana yabon Peary ana mantawa da Henson abu ne da ya dace a zauna a tattauna da yaro.

Sai dai ba na goyon bayan a miƙa wa yaro waya a ce ya zaɓa da kansa. An rubuta yawancin waɗannan littattafai a zamanin da mulkin mallaka ke kan ganiyarsa, kuma ra'ayin zamanin yana nan a cikinsu ba a goge ba. King Solomon's Mines na Rider Haggard, na 1885, labari ne mai jan hankali, amma Bature ne gwarzo a cikinsa, Afirka kuwa fili ne na neman lu'ulu'u. Ma'ajiyar ba ta sanya gargaɗi a kan irin wannan, domin aikinta adanawa ne kawai. Dole babba ya riga yaro karantawa, ko kuma su karanta tare, ya tsaya ya tambaye shi wane ne ke ba da labarin, wane ne kuma aka hana magana.

Harshen ma yana buƙatar haƙuri. Mafi yawan littattafan na Turanci ne, Turancin kuma tsoho, mai dogayen jimloli da kalmomin matuƙan jirgin ruwa waɗanda ko babba sai ya duba ƙamus. Game da marubucin labaran kasada Jules Verne, wanda ya yi rubutu da Faransanci, wasu fassarorin Turanci na ƙarni na 19 sun datse sassa masu yawa na labaransa, don haka idan an samu fassara fiye da ɗaya ta littafi guda, yana da kyau a buɗe babin farko na kowacce a gwada kafin a sauke wa yaro.