Dakan: ɗan attajiri, ɗan talaka, da matar da aka bari a tsaye

Da wani abokina mai tara tsofaffin finafinan Afirka ya ce in nemi Dakan in kalla, sai na tambaye shi, dakan gero ko na dawa? Ashe kalmar Malinke ce, ɗaya daga cikin harsunan ƙasar Gini, ma'anarta ƙaddara. Fim ne na ƙasar Gini, Mohamed Camara ya shirya shi, ya fito a 1997, aka kuma nuna shi a bikin finafinai na Cannes da ke Faransa a shekarar. Ana yawan cewa shi ne dogon fim na farko daga Afirka ta Yamma da ya gina labarinsa a kan soyayyar namiji da namiji. Na faɗi wannan tun daga bakin ƙofa, don kada wani ya shiga ya ce ban gaya masa ba.

Sau biyu na kalle shi a kwamfuta, duka cikin dare. Kwafin da na samu ya sha jiki: hoton dishi-dishi, fassarar Turancin da ke ƙasan allo kuma sai an gama magana take isowa. Da Faransanci da Malinke ake magana, ni kuwa Faransancina bai wuce na gaisuwa ba. Sauƙin abin shi ne fim ɗin bai cika awa ɗaya da rabi ba.

Camara bai yi kwana-kwana ba. Ana buɗewa sai ga samari biyu, Manga da Sory, 'yan makarantar sakandare, cikin wata jar mota da daddare suna sumbatar juna. A kallon farko abin da suke yi ne ya ɗauke mini hankali. A kallo na biyu motar na tsaya kallo. Ba sai an gaya maka ba, irin wannan mota ba daga gidan su Manga ta fito ba. Uban Sory attajiri ne, ɗan kasuwa mai son ɗansa ya gaje shi. Manga kuwa uwarsa Fanta ce ke riƙe da shi ita kaɗai, ba miji a gida, ba dukiya.

A nan fim ɗin ya fi ƙarfi. Iyayen biyu sun ƙi, amma ƙin nasu ba iri ɗaya ba ne. Uban Sory yana magana kamar mai duba littafin ciniki: wa zai riƙe kasuwancin, wa zai ɗauki sunan gida, me abokan hulɗa za su ce. Fanta kuwa tsoro ne ke cin ta, tsoron macen da duk jarinta a duniya ɗa ne, da jikokin da take jira daga gare shi. Kowa sai ya nemi magani daidai aljihunsa. Sory ya ƙare da aure har da haihuwa, rayuwarsa ta rufu a idon jama'a. Manga aka kai shi wajen mai maganin gargajiya, ya daɗe can ana ta yi masa abin da ake yi. Laifin da ake tuhumarsu ɗaya ne, amma ɗan talakan ne jikinsa ya gaya masa.

Ban iya jin haushin Fanta ba, ko da na so. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Matar da ta fito a matsayinta ta fi kowa iya wasa a fim ɗin. Akwai inda take zaune kawai ba ta ce uffan ba, amma fuskarta ta gama bayani. Duk wanda ya tashi a hannun uwa ita kaɗai zai gane wannan zaman.

Samarin biyu dai wasansu da sauran gyara. Wani lokaci sai ka ga kamar suna jiran a ce musu an gama su huta. Da na san yadda aka sha wuya kafin a haɗa fim ɗin sai na rage ƙorafi: gwamnatin Gini ta janye tallafinta da ta ji abin da labarin ya ƙunsa, 'yan wasa suka riƙa gudu, har Camara da kansa ya fito a matsayin uban Sory. Wannan uzuri ne, amma uzuri ba ya gyara abin da ido ya gani. Shigowar Oumou ma, Baturiyar da aka so ta zama matar Manga, ta zo mini a gurguje, kamar an ɗinka ta ne daga baya.

Wanda ya kalli Rafiki na Wanuri Kahiu, fim ɗin Kenya na 2018 da aka haramta a can har sai da kotu ta buɗe masa kwana bakwai, zai ga irin wannan ginin: soyayya tsakanin 'yar mai shago da 'yar mai hali. Sai dai Rafiki ya fi kyan hoto da launi nesa ba kusa ba. Dakan kuwa ya fi shi sanin abin da talauci ke sa uwa ta aikata.

Babban ƙorafina yana ƙarshe. Fanta ta sauko ta sa albarka, Manga ya je ya sami Sory, suka shiga mota suka tafi. An shirya wurin don mai kallo ya ji sanyi a rai. Ni kuwa idona yana kan matar Sory. An aurar da ita don ta rufe wa gidan attajiri asiri, ta haihu, aka tafi aka bar ta da goyo. Fim ɗin da ya ɓata lokaci yana nuna mana yadda mai ƙarfi ke sauke kayansa a kan marar ƙarfi, da ya zo kanta sai ya yi shiru. Na mayar da wurin baya har sau uku ko zan ji abin da ke ranta. Ban ji ba.