Matokarin kibiya a kan bakan rikab na katako: abin da ya gyara da abin da ya jawo

Kibau na kabon da na faiba da ke iso mu nan Kebbi, ko ta odar intanet ko ta hannun masu sayo kaya daga Legas da Kano, galibi da fikafikan roba suke zuwa. Shi kuwa bakan rikab na katako, wato mai bakin rassa da suka lanƙwasa gaba, in dai daga kan dakalinsa, ɗan tudun da kibiya ke kwanciya a saman mariƙi, za a harba kai tsaye, gashin talotalo yake so. Gashi yakan kwanta idan ya gogi dakali ya wuce abinsa, roba kuwa sai ta daki dakalin ta wurga gindin kibiyar sama. Shi ya sa za ka ga maharbi ya saki tsarkiya lafiya lau, amma kibiyarsa ta fita tana wutsil-wutsil, wannan ta sauka hagu, waccan dama, fiffiken ƙasa kuma ya yamutse ko ya ɓare tun bai ga komai ba. Maganin da na gwada shi ne matokari, ɗan robar nan da ake mannawa a bangon tagar baka, wato gurbin da aka yanke saman dakali don kibiya ta wuce, mai ɗan yatsa da ke ɗage kibiya sama da dakali. Ga mai atisayen harbin buhu da kibiyar fiffiken roba, ya ci kuɗinsa. Sai dai da sharaɗi biyu: dole a sake saita baka bayan an manna shi, kuma gam ɗin da ya zo da shi ba na zafin ƙasarmu ba ne.

Bakan da aka yi gwajin da shi rikab ne mai rabuwa gida uku, na hannun dama, tsawon inci 62, nauyin ja laba 35 idan an ja tsarkiya inci 28, tsarkiyar Dacron, tazarar tsarkiya daga ƙuryar mariƙi inci 8. Kibau na kabon ne masu lambar tauri 600, tsawon inci 30, kai mai nauyin giren 100 (giren ma'aunin nauyin kibau ne), fikafikan roba uku masu inci 4. Matokaran iri biyu ne, dukansu marasa suna. Ɗaya mai kauri da taushi, an kwaikwayi ƙirar Bear Weather Rest. Ɗayan siriri mai ɗan ƙugiya a bakin yatsa da huda a tsakiya, an kwaikwayi ƙirar Hoyt Super Rest. Duk aibin da zan ambata, na waɗannan marasa sunan ne. Kafin ka biya kuɗi kuma ka duba na wane hannu ne, domin na dama ba ya hawa bakan bahago.

Wurin mannawa shi ne rabin aikin. Inda kibiya za ta taɓa yatsan matokari ya kamata ya zauna daidai saman ƙuryar mariƙi, wato wuri mafi zurfi inda tsakanin babban yatsa da manuni yake tokarewa. Nan ne baka yake juyawa idan hannu ya murɗe shi kaɗan. In ka matsar da matokari gaba ko baya da wannan layi, duk ɗan murɗin hannu sai ya ƙara girma a jikin kibiya. Idan bakanka yana da ramin ƙusa a bangon taga, an rage maka aiki: ka ɗora kibiya, ka daidaita tsakiyar jikinta da tsakiyar ramin. In babu rami, ka ɗage yatsan sama da dakali kamar rabin inci zuwa inci 5/8, sa'an nan ka tura kibiya a hankali da hannu ka ga ko fiffiken ƙasa yana wucewa ba tare da ya shafi dakali ba. Kada ka ɗage fiye da abin da fiffike yake bukata. Kowane ƙarin tsawo yana nisanta kibiya daga hannunka, babu wata riba a ciki.

Kafin mannawa a cire tsohuwar fata ko darduma da ke bango, a goge wurin da sifirit har maiƙon hannu da ƙurar hunturu su fita, a bar shi ya bushe. A yi alama da fensir, a manna sau ɗaya, a danne da babban yatsa na kusan minti guda, a bar shi ya kwana kafin a harba. In ka manna ka ɗaye don gyara wuri, gam ɗin ya riga ya rasa ƙarfinsa.

Gam ɗin nan shi ne babban abin da ban ji daɗinsa ba. Ɗan soso ne mai manne gaba da baya. Cikin sanyin Disamba da Janairu yana riƙewa garau. Da bazara ta shigo, Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi a Birnin Kebbi yake haura digiri 40, sai ya yi laushi. Ba faɗuwa matokarin yake yi farat ɗaya ba, da ma hakan ya fi sauƙi. Zamewa yake yi ƙasa kaɗan-kaɗan, yatsan ya karkace, sai ka ga kibau sun fara sauka ƙasa da inda suka saba, ka yi ta zargin hannunka. In ka duba gefensa za ka ga wani baƙin layi na ƙura da ya manne a sama, inda gam ya rage bayan robar ta sauka. Wannan layin ne shaida. Abin da ya yi mini aiki shi ne kankare soson gaba ɗaya, a shafa gam na masu gyaran takalmi siriri a bayan matokari da jikin baka, a jira ya sha iska har ya daina kama yatsa, sa'an nan a haɗa. Yana jure zafi, kuma ana iya ɗaye shi daga baya. Kada a sa sufa gulu, yakan ci fentin katako, ranar cirewa kuma ya taho da shi. Ko da wane gam ne, barin baka cikin mota a rufe ko ƙarƙashin kwano da tsakar rana ɓarna ce, domin rassan bakan ma da gam aka haɗa katakonsu da faiba.

Bayan mannawa sai ƙullin tsarkiya, wato wanda ke tsayar da gindin kibiya wuri ɗaya a jikinta. Matokari ya ɗage gaban kibiya, to dole gindinta ya bi shi. Wanda ya bar ƙullinsa a tsohon wuri ya mayar da gindin kibiya ƙasa da kanta, za ta daki yatsan robar ta fita tana sama da ƙasa, ya ce matokari ba shi da amfani. A ɗauki layi miƙaƙƙe daga kan yatsan zuwa tsarkiya da ma'auni mai siffar T, ko sukwayar kafinta in babu, a ɗaura ƙulli rabin inci sama da layin, kibiya ta shiga ƙarƙashinsa. Wannan mafari ne kawai. Na fi son ƙullin zare a kan zoben tagulla, saboda ana iya murza shi sama ko ƙasa lokacin gwaji, in an gama a ɗiga masa gam. Mai jan tsarkiya da yatsu uku ƙarƙashin kibiya ya ƙara ƙulli na biyu a ƙasa, ya bar ɗan sarari don kada ya matse tsagar gindin idan an ja.

Akwai wani sauyin da ba a cika lura da shi ba. Robar tana da kauri, tare da soso ta kai milimita 2 zuwa 3, don haka tana tura kibiya waje daga tsakiyar baka. Idan yatsu suka saki tsarkiya, takan gota gefe, kibiya ta tanƙwara ta fita tana kaɗawa kamar kifi a ruwa, kuma wannan tanƙwarar ce ke sa ta kauce wa jikin baka. Kibiyar da aka tura waje sai ta zama kamar ta ƙara tauri, ga mai hannun dama ta riƙa sauka hagu. Bakan da aka yanke tagarsa ta wuce tsakiya yana ɗaukar wannan kaurin ba damuwa. Tsohon baka mai taga marar zurfi kuwa, da wuya ya shanye shi sai an sauya kibau. Hanyar dubawa: ɗora kibiya, tsaya bayan baka, daidaita tsarkiya da tsakiyar rassa da ido ɗaya. Ga mai hannun dama, ya kamata kan kibiyar ya ɗan leƙo ta hagun tsarkiya kaɗan. In duk kan ya fito fili da sarari a tsakani, an tura ta da yawa. Cire soson nan da komawa gam siriri ya rage wannan matsalar ma.

Gwajin da zai gaya maka gaskiya shi ne na tsurar kibiya. Ka cire fikafikan kibau biyu, ka naɗa ɗan salatif a gindinsu ya maye nauyin robar, ka harba su tare da uku masu fiffike daga mita 10, in sun natsu ka ja baya zuwa mita 18. In tsura ta sauka ƙasa da sauran, ƙulli ya yi sama da yawa, a sauko da shi. In ta sauka samansu, ƙulli ya yi ƙasa da yawa, a ɗaga shi. A fara gyara wannan tukuna, ana motsa ƙullin kamar milimita ɗaya ko biyu a lokaci guda. Sa'an nan a dubi gefe. Ga mai hannun dama, hagu na nufin tauri, dama na nufin laushi, bahago kuwa akasin haka. Tauri ana maganinsa da kai mai nauyi, laushi da rage tsawon kibiya kamar kwatar inci. A bakan gwajin, ƙulli ya tsaya a inci 3/8, kai kuma ya tashi daga giren 100 zuwa 125 kafin tsura ta shiga cikin 'yan uwanta. Wanda hannunsa bai zauna ba har kibau masu fiffike su taru wuri guda, ya dakata da wannan gwajin, zai ruɗa shi ne kawai. Kabon kuma ba a yanka shi da zarton hannu, yakan tsattsage, tsagaggiyar kibiya kuwa tana iya karyewa ta shiga hannu.

Don sanin ko fiffike yana taɓa wani abu, a shafa jan baki a gefen fikafikan uku a harba. Duk inda ja ya fito a jikin matokari ko dakali, nan ne ake karo. Fiffike mai launin daban ya fuskanci waje, nesa da jikin baka. In har yanzu akwai ja, a murza tsagar gindin kaɗan a sake gwadawa.

Bayan duk wannan, kibau sun daina kaɗa gindi, suna shiga buhu a miƙe, fikafikai sun daina yamutsewa. Da damina amfanin ya fi fitowa: gashi in ya jiƙe yakan kwanta ya daina tuƙa kibiya, roba kuwa ko a jikinta. Ba banza ba masu rikab na gasar Olamfik, wadda harbin baka ya koma cikinta a 1972 a Munich, duk a kan matokari suke harbi.

Tsakanin guda biyun, siririn mai ƙugiya ya fi wa mai koyo, domin ƙugiyar tana riƙe kibiya kada ta sulluɓe lokacin ja. Sulluɓewar dai daga yatsu take, idan manuni ya matse gindin kibiya, kuma can ya kamata a gyara. Amma yatsansa yana cinyewa da wuri, ƙura da yashi da ke jikin kibiya suna yi masa rami, rana kuma tana busar da shi har ya karye. Mai kaurin ya fi daɗewa da jure shiga jaka, kuma shi zan sake saye. Aibinsa ƙara. Idan ana jan kibiya a kansa yakan yi ƙiiii, musamman da ta alminiyam. Ɗan yanki siriri na fatar akuya da aka manna a kan yatsan ya kashe ƙarar, sai dai a tuna ya ƙara tsawo kaɗan, a sake duba ƙulli.

Ba kowa ne yake bukatarsa ba. Mai kibau na gashi, wanda dakalin bakansa yake da doro, kuma ya saba karkata baka yana harbi da ido ba saiti, zai ji kibiya ta yi masa nisa da hannu, kuma karkatawar za ta fi shafar inda take sauka. Shi ya zauna kan dakalinsa da fata, ya cusa tsinken ashana ƙarƙashin fatar daidai saman ƙuryar mariƙi don kibiya ta taɓa wuri ɗaya tak. Bakan da dakalinsa da bangonsa suke shafe lebur kuwa, dama don matokari aka yi shi. Kibiyar kyauro irin ta maharbanmu ba ta da hulɗa da shi sam. Gaɓoɓinta suna sarƙewa a yatsan robar, kuma ba a yi ta don ƙarfin wannan bakan ba. Mai niyyar shiga gasa ya karanta dokar rukuninsa tukuna, domin a rukunin dogon baka daga kan dakali ake harbi.

In za ka yi oda, ka sayi biyu ko uku iri ɗaya lokaci guda, ka ajiye sauran a inuwa cikin leda. Da zarar saiti ya zauna, ka zagaye matokarin da fensir a jikin bango, ka rubuta tsawon ƙulli da tazarar tsarkiya a takarda. Ranar da yatsa ya karye, sabon zai hau cikin zanen, ba sai an koma gwajin tsurar kibiya daga farko ba.